Hubert Ogunde: Kurtun ɗan sandan da waƙoƙinsa a dandamali suka hana hukumomi barci

A ranar 12 ga Yuni, 1944, jama'a suka hallara a zauren Glover da ke tsibirin Legas domin kallon wani wasa da wata majami'a ta shirya don tara kuɗin gini. Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot, shi ne shugaban taron. Wanda ya rubuta wasan, ya tsara waƙoƙinsa, ya kuma koyar da rawarsa, wani kurtun ɗan sanda ne ɗan shekara 27 mai suna Hubert Ogunde. Sunan wasan The Garden of Eden and the Throne of God, labarin Adamu da Hauwa'u kamar yadda ya zo a Littafi Mai Tsarki na Kirista.

Kafin wannan rana, irin waɗannan wasanni na majami'u a Legas sun fi kama da rera waƙa a jere. Mawaƙa sukan tsaya sahu-sahu suna rangaji, suna ba da labari da baki kawai. Ogunde ya sa 'yan wasansa suka yi shigar da ta dace da labarin, suka yi tafiya, suka yi rawa, suka aikata abin da waƙar take faɗa a gaban idon mai kallo. Daga wannan zaure aka fara wata sana'a da ta yi shekara arba'in da shida tana yawo da shi a garuruwan Najeriya da ƙetare. Sau uku aƙalla hukumomi suna hana shi wasa: a Jos, a Kano, da kuma Jihar Yamma baki ɗaya.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Hubert Adedeji Ogunde ranar 10 ga Yuli, 1916, a garin Ososa kusa da Ijebu-Ode, a cikin Jihar Ogun ta yau. Mahaifinsa, Jeremiah Ogunde, ma'aikacin majami'ar Baftis ne. Kakansa na wajen uwa kuwa masanin duba ne na addinin gargajiyar Yarabawa da ake kira Ifa, kuma a hannunsa yaron ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa. Ke nan ya taso ne a tsakanin gidaje biyu. A ɗaya yana jin waƙoƙin coci, a ɗayan yana jin kirari da take da dogayen baitocin masu duba.

Tun yana yaro ya shaƙu da 'yan wasan dodanni na Yarabawa da ake kira Alarinjo, waɗanda ke bin gari-gari suna wasa a ƙofar fada da bakin kasuwa, suna kwaikwayon mutane da dabbobi da kiɗa da rawa. A wurinsu ya fara sanin ganga da taku. Karatun bokonsa bai yi nisa ba, ya tsaya ne a matakin firamare, a makarantun Ososa da Legas da Ijebu-Ode. Daga 1933 ya yi aikin koyarwa na kimanin shekara takwas, yana kuma jagorantar mawaƙan coci tare da kaɗa musu kayan kiɗan majami'a. A 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. Bayan an mayar da shi Ebute-Metta a Legas, sai ya shiga majami'ar Church of the Lord, ɗaya daga cikin majami'un Aladura waɗanda 'yan Afirka suka kafa da kansu, inda ake ibada da ganga da tafi. Wannan majami'a ce ta ɗauki nauyin wasansa na farko.

Daga kaki zuwa dandamali

Karɓuwar da wasan farko ya samu ta sa ya ci gaba da rubuta wasu, mafi yawansu daga labaran Littafi Mai Tsarki, irin su labarin Banu Isra'ila a Masar da na Sarki Nebukadnezzar. A 1945 ya kafa ƙungiyarsa mai suna African Music Research Party, ba da jimawa ba kuma ya ajiye kaki ya rungumi wasa a matsayin hanyar cin abinci. A wancan zamani wannan kasada ce babba. Aikin gwamnati yana da albashi duk wata da fatan fansho, wasan kwaikwayo kuwa abu ne da malaman makaranta da akawuna ke yi da yamma don nishaɗi, babu wanda ya ɗauke shi sana'a.

Ogunde ya buga talla a jarida yana neman 'yan matan da za su yi wasa a biya su albashi. A watan Maris na 1946 ya fito da Tiger's Empire, wasan da ke sukar mulkin mallaka, wanda a cikinsa mata suka hau dandamali a matsayin ƙwararrun da ake biya. Shi ya sa masana ke ƙidaya ƙungiyarsa a matsayin ta farko irinta a Najeriyar zamani da ta dogara kacokan ga kuɗin tikiti.

Yadda daren wasa yake

Domin a fahimci abin da ya sa hukuma ta damu da shi, sai an san yadda wasan yake zuwa wa mai kallo. Tun kafin ranar, za a manna takardun talla a bangaye. Ranar wasa babbar mota za ta shigo gari ɗauke da 'yan wasa da akwatunan kaya da labulaye da ganguna, sa'an nan ta zagaya unguwanni ana kiɗa ana shela. Wurin wasa yakan kasance zauren gari, ko ɗakin taron makaranta, ko gidan silima, ko harabar otal. Duk inda aka samu fili da ƙofar da za a tsaya a karɓi kuɗi, ya wadatar.

Ba da magana ake buɗe wasa ba. Da an ɗaga labule sai ƙungiyar ta fito gaba ɗaya da waƙar buɗe fage, mata a jere suna amshi da rawa, makaɗa na gefe, shi kuma Ogunde a tsakiya yana ba da waƙa. Wannan al'ada tana da tushe a wurin 'yan Alarinjo, waɗanda ke fara wasa da gaisuwa ga magabata da masu gari. Bayan nan labari zai soma. A shekarun farko kusan komai da waƙa ake faɗarsa, daga baya aka riƙa haɗawa da zance, inda 'yan wasa ke sanin ƙashin labarin su kuma ƙawata shi da kalmominsu gwargwadon yadda suka ga zauren ya ɗauka. A ƙarshe a rufe da wata waƙar.

Masu kallo ba sa zama shiru. Suna yi wa azzalumi ihu, suna gargaɗin wanda za a yaudara, suna kama amshi idan waƙa ta yi daɗi. Gangunan Yarabawa irin su dundun da gangan, 'yan uwan kalangu, suna iya kwaikwayon muryar mutum, saboda haka mai jin harshen yakan ji habaici a bakin ganga wanda baƙo ba zai ji ba. Mutum yana zaune kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinsa, da abokin aikinsa, da mai shagon da yake bin sa bashi, kowa yana ganin abin da ya sa kowa dariya da abin da ya sa shi tsaki. Idan aka tashi kuma, waƙar takan bi mutane zuwa gida, washegari a ji ta a kasuwa da tashar jirgi.

Jaridun 'yan kishin ƙasa suna rubuta irin abubuwan da Ogunde ke rerawa, wani lokaci ma da kaushin da ya fi nasa. Sai dai jarida da Turanci ake buga ta, kuma kowa shi kaɗai yake karanta tasa. Wasan Ogunde yana isa ga lebura da 'yar kasuwa da ba su taɓa shiga aji ba, kuma yana tara su a ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan taruwa ce ta fi tayar wa jami'an mulkin mallaka hankali.

Yajin aiki da yunwa

A watan Yuni na 1945 ma'aikatan gwamnati a Najeriya suka tsunduma yajin aikin gama-gari, suna neman ƙarin alawus saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya haddasa. Ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda Michael Imoudu ke jagoranta, su ne kan gaba. Yajin ya ɗauki kwana 44 a Legas, jiragen ƙasa suka tsaya, ayyukan tashar jiragen ruwa da gidan waya suka gurgunce. Ogunde ya mayar da wannan lamari wasa mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa, inda ya nuna wani baƙon sarki da ya zo ta teku ya mallake ƙasa, yana sa mutane aiki yana ba su abin da bai isa cika ciki ba.

A 1946 ya ɗauki wasan zuwa Arewa. A lokacin garuruwan da ke kan layin dogo, irin su Kaduna da Zariya da Kano da Jos, suna da dubban ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, waɗanda akasarinsu ke zaune a unguwannin Sabon Gari. Su ne kasuwarsa. Jos kuwa gari ne na haƙar kuza, cike da leburori, kuma hukuma ba ta son duk abin da zai tunatar da su yajin da aka gama shekara guda da ta wuce. Aka hana wasan, aka gurfanar da shi a kotu, aka ci shi tarar fam 125, kuɗin da ya fi albashin shekara na ƙaramin ma'aikaci a wancan zamani. Jaridun 'yan kishin ƙasa suka tsaya masa, suka yayata shari'ar. Wanda aka so a rufe wa baki sai sunansa ya ƙara bazuwa.

Darasin Landan da na Gwalkwas

A 1947 ya nemi fasfo domin zuwa Ingila tare da matarsa kuma babbar tauraruwar ƙungiyarsa, Clementina, wadda aka fi sani da Adesewa. Da farko hukuma ta ƙi ba su, sai da jaridu suka matsa lamba. A Landan ya kalli yadda ake gudanar da manyan gidajen wasa, ya kuma shiga makarantar rawa ta Buddy Bradley, wani Baƙar fatar Amurka da ya shahara wajen tsara raye-rayen wasannin waƙa a birnin. A can ya koyi rawar buga ƙafa da wasu raye-rayen Turawa, ya dawo ya saƙa su cikin nasa.

A 1948 ya tafi Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya dawo da asara, domin wasansa da Yarabanci yake, masu kallo kuma ba sa ji. Bai yi fushi da kasuwar ba. Ya lura da abin da mutanen can suke so, ya shirya Swing the Jazz mai yawan kiɗa da rawa da barkwanci, ya koma, ya ci riba. Daga nan ya riƙa haɗa Yarabanci da Turanci da Turancin buroka, ya ƙara kayan busa na Turawa a cikin kiɗansa, shi da kansa yana busa algaitar ƙarfe da ake kira sakasafon. Sunan ƙungiyar ma ya sauya, daga Ogunde Theatre Party zuwa Ogunde Concert Party. Duk wanda ya taɓa kai kaya kasuwar da ba ta san su ba zai gane hikimar da ke cikin wannan mataki.

Harsashi a Inugu, haramci a Kano

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ma'aikatan haƙar kwal da ke yajin aiki a mahaƙar Iva Valley da ke Inugu, suka kashe 21, suka jikkata 51. Kisan ya girgiza ƙasa, ya haɗa kan 'yan siyasar da a da ba sa ga maciji. A 1950 Ogunde ya fito da Bread and Bullet, wato burodi da harsashi, wanda ya ɗora labarin soyayya a kan wannan kisa.

Da ya kai wasan Kano, hukuma ta hana shi, aka kama shi bisa zargin tunzura jama'a su yi wa gwamnati bore. Wannan tuhuma ba ta tsaya ba, sai aka ci shi ƙaramar tara a kan manna takardun talla ba tare da izini ba. An kuma hana wasan a wasu garuruwan Arewa. Tsohon ɗan sanda ya zama wanda 'yan sanda ke jira a ƙofar zaure.

Yoruba Ronu

Ana iya zaton samun 'yancin kai a 1960 zai kawo ƙarshen wannan takun-saƙa. Shi kansa ya shirya wasa mai suna Song of Unity domin bikin 'yancin. Amma haramci mafi tsanani da ya gamu da shi daga hannun gwamnatin 'yan ƙasa ya zo.

Rikici ya ɓarke a jam'iyyar Action Group tsakanin shugabanta, Cif Obafemi Awolowo, da tsohon mataimakinsa, Firimiyan Jihar Yamma Cif Samuel Ladoke Akintola. A 1963 aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara goma bisa laifin yunƙurin kifar da gwamnati. A watan Fabrairu na 1964 wata ƙungiya ta magoya bayan Akintola, Egbe Omo Olofin, ta gayyaci Ogunde ya yi wasa a taronta a Ibadan. Ya kawo musu Yoruba Ronu, ma'ana Yarabawa ku yi tunani. Labarin wani sarki ne, Oba Fiwajoye, wanda mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba, aka tsare shi, mataimakin ya hau gado ya gallaza wa talakawa, har suka tashi suka kawar da shi, sarki ya dawo.

Ba a ambaci sunan kowa ba, kuma ba a buƙaci a ambata ba. Firimiya yana zaune a cikin zauren, mutanen da suka fahimci wasan suna kewaye da shi. Ya tashi ya fita kafin a gama. Bayan 'yan makonni gwamnatinsa ta haramta wa ƙungiyar Ogunde yin wasa a ko'ina cikin Jihar Yamma, aka kuma daina sa waƙoƙinsa a gidajen rediyo da talabijin na jihar. Nan ne kuwa babbar kasuwarsa take. Abin da ya rage masa shi ne Legas, wadda ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya, da sauran jihohi. Ya mayar da martani da wani wasan, Otito Koro, wato gaskiya ɗaci gare ta.

Haramcin ya yi kusan shekara biyu. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda a cikinsa aka kashe Akintola tare da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, gwamnan soja na Jihar Yamma, Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi, ya ɗage shi a watan Fabrairu.

Gida da sana'a

Babbar matsalar da Ogunde ya fuskanta tun farko ita ce riƙe 'yan wasa mata. Iyaye ba sa son 'ya'yansu su bi mota gari-gari suna rawa a gaban maza, wadda kuma aka sha wahalar koyarwa, da ta yi aure sai mijinta ya hana ta. Mafitar da ya samo ita ce auren da yawa daga cikin 'yan wasansa, har ƙungiyar ta zama kamar gandun gida: mata su ne mawaƙa da 'yan rawa, 'ya'ya na tasowa suna shiga sahu, wasu na kula da kaya, wasu na tsaron ƙofa. Wannan tsari ya rage kuɗin albashi ya kuma hana ƙungiyar watsewa, kuma da yawa daga shugabannin ƙungiyoyin da suka biyo baya sun kwaikwaye shi.

Rayuwar kan hanya tana da nata haɗarin. A 1970 Adesewa ta rasu a haɗarin mota a kan hanyar zuwa wasa. Ogunde ya shirya Ayanmo, wato ƙaddara, domin tunawa da ita.

A wannan lokaci sunansa ya riga ya ƙetare teku. A 1967 gwamnatin Najeriya ta tura ƙungiyarsa bikin baje kolin duniya na Montreal a Kanada, daga can suka wuce Amurka suka yi wasa a gidan Apollo da ke unguwar Harlem a New York. A gida kuwa hanyar da ya share ta cika da matafiya, irin su Kola Ogunmola da Duro Ladipo da Oyin Adejobi da Moses Olaiya, wanda aka fi sani da Baba Sala. Zuwa farkon shekarun 1980 ƙungiyoyin wasan Yarabawa masu yawo sun kai kimanin ɗari.

Daga dandamali zuwa majigi

A ƙarshen shekarun 1970 ya ga inda iska ke kaɗawa, ya shiga harkar fim. Na farko shi ne Aiye, wanda Ola Balogun ya ba da umarni, labarin gwagwarmaya tsakanin mayu da wani masanin gargajiya. Jaiyesimi da Aropin N'Tenia da Ayanmo suka biyo baya, ya kuma gina wurin ɗaukar fim a garinsu Ososa. Yadda ya yi yawo da 'yan wasa, haka ya yi yawo da faifan fim daga zaure zuwa zaure. A 1986 gwamnatin tarayya ta ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa, inda ya zaɓo 'yan rawa da makaɗa daga sassan Najeriya daban-daban. Jami'ar Ife da Jami'ar Legas sun ba shi digirin girmamawa, shi da bai wuce firamare ba.

Aikinsa na ƙarshe ya mayar da shi yankin Jos, inda aka fara hana shi wasa shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce. A can aka ɗauki fim ɗin Mister Johnson, wanda Bruce Beresford ya ba da umarni daga littafin Joyce Cary, wani tsohon jami'in mulkin mallaka a Arewa, kuma Ogunde ya fito a ciki. Yana cikin wannan aiki rashin lafiya ta kama shi. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990, yana da shekara 73, ya bar wasanni fiye da hamsin.

Sana'ar da ya kafa ba ta daɗe a bayansa ba a siffarta ta asali. Faɗuwar darajar Naira ta sa man fetur da kayan mota suka yi tsada, fita da dare ta zama abin fargaba a manyan birane, kaset ɗin bidiyo kuma ya kai wasa har cikin ɗaki. Almajiransa da 'ya'yan almajiransa suka sauka daga babbar mota suka koma gaban kyamara, kuma su ne suka zama ginshiƙin fina-finan Yarabanci na yau. Finafinansa da faya-fayan waƙoƙinsa suna nan, amma daren wasa irin na Jos a 1946 ko na Ibadan a 1964 sai a bakin waɗanda suka zauna a zauren da kuma rahotannin jaridun lokacin. Gidansa na Ososa yanzu gidan tarihi ne, inda iyalansa suka adana ganguna da tufafin wasa da hotunan shekarun da ya yi a kan hanya.